Zuwa Yankari da Iyali a Hunturu: Shiri, Hanya da Ƙananan Larurori

Daga tsakiyar Disamba, idan makarantu suka rufe kuma hazo ya sauka, magidanta da yawa kan fara tunanin inda za su kai yara su sha iska. Ga wanda yake Bauchi, Gombe, Jos, Kano ko Kaduna, Yankari na cikin wuraren da suka fi dacewa. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956 zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. A cikinsa yaro zai iya ganin giwa da ɓauna da gwanki ido da ido, ya kuma yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki.

Masu zuwa karon farko sun fi fargabar manyan namun daji, alhali abubuwan da suka saba dagula tafiyar ƙanana ne: yaro ya yi amai a mota, haɓo ya ɓalle da tsakar dare, ruwan shayi ya zube a cinya, gwaggon biri ya fizge leda ya bar yakushi. A gida waɗannan ba wani abu ba ne, domin kemis na bakin layi. A sansanin Wikki kuwa, inda baƙi ke sauka, tsakaninku da ƙofar shiga dajin kaɗai ya haura kilomita 40, garin Bauchi kuma wajen kilomita 110. A wannan tazara uwa da uba su ne masu agajin farko. Saboda haka abu biyu ya kamata su riƙe kafin su tashi: yadda ake magance ƙaramar larura a nan take, da yadda ake gane wadda ba a jira da ita.

Zaɓen lokaci

Disamba da Janairu sun fi daɗin yawo. Rana ba ta cika zafi ba, sauro ya ragu, hanyoyin cikin daji sun bushe. Sai dai a lokacin ciyawa ba ta gama kwanciya ba, kuma akwai sauran ruwa a tafkuna, don haka dabbobi a warwatse suke. Wanda babban burinsa ganin giwa ne, ya fi masa ya jira ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ƙishirwa ke tara namun daji a bakin kogin Gaji. Ladan wannan jira shi ne kallo, wahalarsa kuwa zafin bazara da kan kai digiri 40. Ga mai ƙananan yara, ko tsoho, ko mai juna biyu, hunturu ya fi sauƙi.

Ƙarshen Disamba lokacin cunkoso ne, ɗakuna kan cika. A tuntuɓi ma'aikatan wurin tun da sauran kwanaki, a kama ɗaki, a tambayi kuɗin shiga da na zagaye, a kuma tambayi halin tsaro a hanya da cikin dajin a makon da za a tafi. Labarin wanda ya je bara ba ya isa a gina tafiyar bana a kansa.

Shirin mota da kaya

A kai mota wurin bakanike kwana biyu ko uku kafin tafiya, don idan an sami gyara a samu sararin gwada ta a cikin gari. A duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fanbel, batir da fitilu. A duba tayoyi huɗu da safaya, a tabbatar jak da abin kwance taya suna cikin but. A zuba ruwa a tankin wanke gilas, domin ƙurar hunturu kan rufe gilas cikin sa'a guda. A cika tanki a Bauchi, kada a sa rai da gidan mai bayan an bar babban titi. A riƙe tsabar kuɗi, domin sabis ɗin waya kan yi rauni a daji, tura kuɗi ta waya na iya gagara. A tafi da tocila da abin cajin waya na tafi-da-gidanka.

Tufafi kashi biyu ake bukata. Na safe da dare: rigar sanyi, hula, safa, mayafi mai kauri, da bargo ga kowane yaro. Na shiga daji: riga mai dogon hannu da dogon wando masu launin ƙasa-ƙasa ko toka mai haske. Akwai tsando a dajin, cizonsa da zafi, kuma baƙi da shuɗi mai duhu suna jan shi. Takalmi ya zama rufaffe wanda ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmi bororo yake jawowa, silifa kuma ba ya tare ƙaya. A haɗa da kayan wanka masu suturta jiki da tawul ga kowa.

Jakar magani

A ware jaka guda, a ajiye ta inda hannu zai kai, ba a ƙarƙashin akwatuna ba. Abin da ya kamata ta ƙunsa: farasitamol na manya da na ruwa na yara, ma'aunin zafin jiki, ƙunshin gishiri da sukari na asibiti kamar guda goma, ƙwayar zink, filasta, bandeji mai talewa, auduga da ƙyallen rufe ciwo, aidin, sabulu, almakashi, matsefata, man kaɗanya ko basilin, man korar sauro, takunkumin fuska, da ledoji don amai. Idan akwai gidan sauro mai magani a gida, a naɗe shi a tafi da shi.

Mai ciwon da yake shan magani kullum, kamar hawan jini, suga ko farfaɗiya, ya ɗebi abin da ya fi kwanakin tafiya da kwana biyu ko uku. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, domin ƙura da sanyin asuba ne manyan masu tayar da ita. Mai sikila kuwa ya ga likitansa kafin tafiya. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da gajiya duk suna tayar da ciwon, kuma ukun nan suna haɗuwa a tafiyar hunturu.

A kan hanya

Daga Kano ana bin Wudil, Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, tafiyar wajen kilomita 300. Daga Jos ana bin Toro. Daga Bauchi sai a ɗauki titin Gombe zuwa Dindima, a karkata kudu zuwa ƙauyen Mainamaji inda ƙofar shiga take, daga nan a miƙe zuwa sansanin Wikki. Mai zuwa daga Gombe zai wuce Alkaleri kafin ya kai Dindima. A lissafa tafiyar yadda za a isa ƙofa da rana tsaka ko kafin la'asar. Mai tasowa daga nesa gara ya kwana a Bauchi, ya ziyarci kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da yamma, ya karya da masa da safe, sannan ya ƙarasa. Tuƙin dare a hanyar daji da iyali ba shi da wani amfani da ya kai haɗarinsa.

Idan hazo ya yi kauri, a rage gudu, a kunna ƙaramar fitila. Babbar fitila ƙura take haskawa, hasken ya dawo wa direba a ido. A bar tazara mai yawa tsakanin mota da ta gaba, a haƙura da wuce tirela sai an ga hanya sarai. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 80 a sa'a a irin waɗannan titunan, a cikin gari kuma 50. A kula da shanu masu tsallakawa da kasuwannin bakin titi. Direba ya tsaya ya miƙe ƙafa duk bayan sa'a biyu. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, a adana ta a waya.

Yaron da mota ke tayar wa zuciya, a ba shi abinci kaɗan marar maiƙo kafin a tashi. A zaunar da shi a tsakiyar kujerar baya inda zai riƙa hango titi, a ɗaura masa bel, a karɓe waya da littafi daga hannunsa, a ɗan sauke gilas. Jiri na tasowa ne idan ido ya tsaya a kan abin da ba ya motsi alhali jiki yana jin motsi, shi ya sa kallon nesa ke taimakawa. Tsotsar citta ko alewa mai citta na rage wa wasu. Akwai ƙwayar hana amai da ake sha kafin a shiga mota. A nemi shawarar mai ilimin magunguna a kan wadda ta dace da shekarun yaro, kuma direba kada ya sha, domin tana sa barci.

Guzuri ya zama mai jure hanya: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, cincin, burodi, lemo da ayaba. Kunun aya, fura da nono da shinkafar da aka dafa tun asuba kan lalace a cikin mota mai ɗumi, a sha su ko a ci da wuri. Idan za a sayi abinci a hanya, a sayi wanda aka sauke daga wuta a gaban ido. Yankakkiyar kankana da gwanda da suka wuni a tire cikin ƙura a bar su. Ruwan sha a ɗebo isasshe daga gida ko daga Bauchi, kuma a riƙa tuna wa yara su sha. A hunturu mutum ba ya jin ƙishirwa sosai, amma busasshiyar iska na zuƙe ruwan jiki, ciwon kai da kasala su biyo baya. Tafiyar da ta kai mil 48 ta halatta ƙasaru, sai a tsara tsayawa ta dace da lokutan salla, a riƙe buta da darduma a kusa.

Zama da gwaggon biri

Farkon wanda zai tarbe ku a sansanin Wikki gwaggon biri ne, sai gadu da ke kiwo a tsakanin ɗakuna. Birran nan sun saba da mutane, sun san leda, sun san kula, sun iya tura ƙofa da taga. A rufe ɗaki da makulli ko da mutum yana ciki, a ɗaga gilasan mota ko da minti ɗaya za a yi, a ci abinci a cikin ɗaki ko a ɗakin cin abinci. Kada a bar yaro yana yawo da biskit ko lemo a hannu. Idan biri ya kama leda, a sakar masa. Yawancin cizo da yakushi wajen ja-in-ja ake samunsu. Kada a ba su abinci don a ɗauki hoto, kada yara su jefe su ko su bi 'ya'yansu. Ciyar da su ne ya koya musu ƙwace, kuma baƙon da zai zo bayanku shi zai biya.

Wanka a Wikki

Ruwan Wikki na ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Tsawon wurin wankan wajen mita 200, faɗinsa wajen 13. Kusa da inda ruwan ke fitowa zurfin ya kusa mita 2, ya shanye kan babban mutum, can ƙasa kuma yana raguwa. Hasken ruwan kan sa a zaci ba shi da zurfi. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ruwa bai wuce ƙugunsa ba. A wakilta babba guda wanda aikinsa kawai kallon yara, ba waya ba hira, a riƙa karɓa-karɓa. Yaro kan nutse shiru, ba ihu ba fantsama, cikin ɗan lokaci kaɗan. Mai farfaɗiya kada ya shiga sai da wani a gefensa. Matakala da duwatsun bakin ruwa suna da santsi, a hana guje-guje da tsalle ta ka.

Fitowa daga ruwa ita ce inda sanyi ke kama mutum. Jiki ya saba da ɗumi, sai iskar hunturu ta buge shi yana jiƙe. A ajiye tawul da busassun kaya a kusa, a tsane yaro nan da nan, a shafa masa mai, a sa masa rigar sanyi. Ga jarirai, tsofaffi, masu asma da masu sikila, wankan hantsi zuwa azahar ya fi na asuba da na dare. Ban da Wikki, kada a shiga wani ruwa a dajin. Kogin Gaji da tafkunansa gidan kada da dorina ne, kwantaccen ruwa kuma kan ɗauki tsargiya.

Shiga daji

Ana zagaye ne da safe da kuma yamma, lokacin da dabbobi ke fitowa, tare da ɗan rakiya daga ma'aikatan dajin. Maganarsa ita ce doka. Ba a sauka daga mota sai inda ya ce, ba a ɗaga murya, ba a matsa wa giwa, balle mai ɗa. A shirya wa yara zuciya tun daga gida cewa daji ba gidan zu ba ne: wata rana a ga garken giwaye, wata rana sai sawunsu da rassan da suka karya. Ko ba a ga giwa ba, akwai ɓauna, gwanki, gwambaza, mazo, kanki, kirka, da tsuntsaye fiye da iri 350. Akwai kuma kogunan Marshall waɗanda mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da kufan wuraren narka ƙarfe, shaidar cewa mutane sun rayu a nan tun kafin a keɓe dajin. A irin waɗannan wurare da ake takawa da ƙafa, kada a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, kada a zauna a kan kututture sai an duba. Bayan an dawo masauki a duba jikin yara ko kaska ta maƙale, musamman bayan kunne, hammata da matsematsi. Idan an gan ta, a kama ta da matsefata dab da fata a ja a hankali.

Larurorin da ake magancewa a nan take

Haɓo. Busasshiyar iska ke tsattsage fatar cikin hanci. A zaunar da yaro, ya ɗan sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan ɓangaren hancin da yatsu biyu na minti 10 zuwa 15 ba tare da saki ana dubawa ba, yana numfashi ta baki. Ɗaga kai sama jini yake turawa maƙogwaro, ya jawo amai. Kada a cusa takarda ko tsumma. Idan ya tsaya, a hana shi fyace hanci da ƙwaƙule shi har washegari. Ɗan basilin a bakin ƙofar hanci kafin barci na rage dawowarsa.

Faso da tsagewar leɓe. A shafa man kaɗanya ko basilin da zarar an fito wanka, fata na da sauran danshi. Mai faso ya shafa da kauri da dare ya sa safa. A hana yara lasar leɓe, yawu na ƙara busar da shi. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin ƙaramin tsagu gare shi kan zama gyambo.

Ƙura a ido. Kada a murza. A wanke hannu, a zuba ruwa mai tsabta a idon daga gefen hanci zuwa waje, ana ƙiftawa. Ruwan sukari, nonon uwa da tsimin ganye ba su da wurin zama a ido. Idan ido ya yi ja yana kwantsa, a ware wa mai shi tawul nasa, kowa ya yawaita wanke hannu.

Gudawa da amai. Abin tsoro a nan ƙarewar ruwan jiki ne, maganinsa kuma mayar da ruwan. A kaɗa ƙunshin gishiri da sukari a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. Idan babu, a sami lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali. Gishirin kada ya wuce haka. Duk bayan zawo a ba ɗan ƙasa da shekara biyu rubu'i zuwa rabin kofi, wanda ya fi haka rabin kofi zuwa kofi guda. Idan ya amayar, a jira minti 10 a ci gaba da cokali-cokali. A ci gaba da ba da nono da abinci. A fara zink, a yi kwana 10 zuwa 14 ana ba shi ko da gudawar ta tsaya. Haɗin da ya kwana ya wuni a zubar a sake sabo.

Ƙuna. Ruwan shayi daga flas da garwashin gashi ne suka fi ƙona yara a irin wannan fita. A riƙa zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja da ƙanƙara duk ƙara ɓarna suke yi. Kada a fasa bororo.

Ƙujewa, ƙaya da targaɗe. A wanke ciwo da ruwa da sabulu har ƙasa ta fita, a shafa aidin, a rufe. Ƙaya ko sartse a cire da matsefata. Targaɗe kuwa a hutar da ƙafar, a ɗora tsumma mai sanyi, a naɗe da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ta a kan matashi. A kwana biyun farko a guji gasawa da ruwan zafi da murza. Idan mutum ya kasa taka ƙafar ko siffarta ta sauya, a ɗauki hoto a asibiti kafin a kai wa mai ɗori.

Harbin kunama da zuma. A kakkaɓe takalmi da bargo kafin amfani, a haska ƙasa da tocila da dare. Idan kunama ta yi harbi, a wanke, a ɗora abu mai sanyi, a sha farasitamol. Babba kan sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, da tazarar aƙalla sa'a 4, kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana da wuni. Na yaro a bi abin da aka rubuta a kwalba gwargwadon shekarunsa, kuma ba a ba yara asfirin. Ƙarin zuma a kankare shi da farce da sauri.

Ɗumama ɗaki. Duk tsananin ɗari, kada a shiga da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa, kada a kunna janareta kusa da taga. Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci. Ƙarin bargo da safa sun wadatar.

Abin da ba a jira da shi

Akwai alamomin da idan an gan su, hutu ya ƙare, sai a sanar da ma'aikatan sansanin a kama hanyar asibiti. Akwai babban asibiti a Alkaleri, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi.

Saran maciji na kan gaba. Wannan yanki ƙasar kububuwa ce, dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya wuni yana hira lafiya lau, daga baya jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya, kada a tsaya neman macijin ko jiran mai magani. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda yadda ba za ta motsa ba, a ɗauki mutumin kada ya taka, a tafi. Don zafi farasitamol kaɗai za a ba shi. Maganin dafi a asibiti yake, kuma a Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti na musamman don saran maciji.

Cizon biri ko yakushin da ya fasa fata, komai ƙanƙantarsa, a wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a shafa aidin, sannan a je asibiti a ranar don a duba batun allurar haukan kare da ta tetanas. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana ba ya jin magani, allurar kuwa tana tare shi idan an yi da wuri.

Sauran su ne: zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, domin rani lokacin sanƙarau ne, yaron da gudawa ta sa idonsa ya faɗa, ya daina fitsari, ya kasa sha, ko ana ganin jini a bayan gidansa, haɓon da ya wuce rabin sa'a ko ya biyo bayan buguwa a ka, ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita ko ta shafi fuska, hannu ko al'aura, yaron da kunama ta harba yana gumi, dalala, amai ko numfashi da ƙyar, kumburin leɓe da harshe bayan harbin zuma, asmar da abin shaƙa bai kwantar ba, ciwon ƙirji ko zazzaɓi ga mai sikila, da duk wanda ya shaƙi ruwa aka ciro shi, ko da ya farfaɗo yana magana.

Bayan an dawo

Kafin a bar sansanin a tattara ledoji da robobi a tafi da su ko a zuba inda aka tanada. Dabbar da ta haɗiye leda wahala take sha, kuma garken giwayen Yankari na cikin kaɗan da suka rage a Nijeriya. Haƙƙinsu ne a kanmu mu bar musu dajin da tsabta.

A gida a ci gaba da sa ido. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana sai bayan mako guda ko fiye da cizon, don haka duk wanda jikinsa ya yi zafi a makonnin da suka biyo baya a yi masa gwaji kafin a ba shi magani, a kuma gaya wa likita inda aka je. Ciwon da ya fara ja, kumburi ko ruwa a kai shi a duba. Idan an fara allurar haukan kare, a cika ta a ranakun da aka rubuta. Sannan a buɗe jakar magani, a mayar da abin da aka yi amfani da shi, a duba kwanan watan lalacewar sauran, a ajiye ta inda yara ba sa kaiwa. Ita ce za ta raka ku zuwa gida da Sallah, da biki, da duk wata tafiya ta gaba. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.